Buhu Biyu Daga Korgom

Tasawa, 18 ga Nuwamba 1984

Yaya Gazali,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na masaƙa a Kaduna. Ni lafiya lau nake. Baba da Inna suna Korgom kalau, Kawu Bube ya zo cin kasuwa ya ce suna gaishe ka. Mai masaukina Malam Ɗan Azumi tela da matarsa Kadijatu su ma sun ce a miƙa gaisuwa. Tun da aka rufe iyaka gidan waya sai a hankali, shi ya sa na ba Mumuni mai fataucin kananzir wannan takarda, tunda shi ta daji yake bi.

Ka ji labarin damina, amma ba na tsammanin an gaya maka duka. Babbar gonar Baba da ke ba da dami ɗari, bana tara aka ɗaure. Ka san yadda ake yi, duk ɗan ƙauyen da ke kwaleji ubansa ke kawo hatsin cinsa gidan da aka sauke shi. Baba ya kawo rabin buhu, ya ajiye a zaure, ko ruwa bai yarda ya sha ba. Malam ya karɓa, amma mutum goma sha ɗaya ke ci a gidan nan, kuma keken ɗinkinsa sai ya yini bai motsa ba. Wa ke ɗinka riga bana? 'Yan ajinmu shida an riga an zo an tafi da su. Kawu ya ce ya ji Baba yana cewa in rabin buhun ya ƙare sai in koma gida. Saura wata bakwai in yi jarrabawar bepese ta gama kwaleji, Yaya. Tsoro nake ji.

Ga wata damuwar kuma, kada ka yi mini dariya. Ingilishi ya hana ni sakat. Malaminmu na Ingilishi, Mushe Ɗan Baba, ya yi mana dikte ranar Talata, na sami huɗu cikin ashirin. Ya faɗi kalma, na rubuta abin da kunnena ya ji, shi kuwa ya bi ni da jan bik, wato biro. Wai "meat" nama ne, "meet" haɗuwa, "week" mako, "weak" rauni, alhali a bakinsa duk ɗaya suke fita. Wane irin mutane ne za su sa wa nama da haɗuwa suna guda? Inna tana gaya wa kowa har Turawan masaƙa kake yi wa magana da harshensu. To ga ranar amfaninka ta zo.

Ƙanwarka,
Biba

Kaduna, 20 ga Disamba 1984

Biba uwar ƙorafi,

Takardarki ta iso tana warin kananzir. Lafiyata lau, sai ƙarar injin da ta fara cinye mini kunnen hagu. Ki gai da Malam da Kadijatu, ki ce Allah ya saka musu da alheri.

Huɗu cikin ashirin. Na yi dariya, ki yafe ni, don ni ma na taɓa faɗawa ramin nan. Shekarar da na zo na rubuta wa shugaban sashenmu takardar neman hutun mako guda, na sa "weak". Ya karanta, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in wuce wurin likita.

Ga abin da na gane. Mu namu kalmomin a takarda suke kama, a baki su rabu. Garin da ake zama da garin tuwo, ai ba ki taɓa ruɗewa ba in Inna ta faɗa. Su kuwa nasu a baki suke kama, a takarda su rabu. Saboda haka ki daina dogara da kunne. In Mushe ya faɗi kalma kada ki yi saurin sa bik, ki jira ki ji waɗanda ke tare da ita. In da wuƙa ko tukunya a kusa, nama ake nufi. Kamar tagwayen gidan liman ne, ba a fuska muke gane su ba, sai mun ga abokan da kowanne ke yawo da su.

Sannan ki yi wa kowace alama. "Meat" tana ɗauke da "eat", wato ci, a cikinta. "Hear", ji, tana ɗauke da "ear", kunne, ita kuwa "here", nan, ba ta da kunne. "See", gani, e biyu gare ta, ki ɗauka idanu biyu ne. Ɗayar, "sea", teku ce, wadda ni da ke ba mu taɓa gani ba. Ki ware kaye guda cikin littattafan rubutunki, kowace kalma ki sa ta cikin zancen gidanmu, ba zancen littafi ba. Abin da ya shafi akuyar Inna ba ya ɓacewa a kai.

Yanzu babbar magana. A yunwar saba'in da huɗu ina ajin nan da kike, saura wata uku jarrabawa, Baba ya zo da jaki ya ɗauke ni daga Tasawa. Ni ne na ɗaya a Ingilishi. Kina ƙarama, ba za ki tuna ba. Shekara goma ke nan ban ce masa uffan ba, kuma abin bai bar ni ba ko kwana ɗaya. Ba za a yi miki haka ina raye ba. Na rubuta masa, Mumuni zai kai Korgom. Na kuma yi masa alkawarin buhu biyu kafin ruwa ya sauka. Ke dai ki riƙe kayenki.

Yayanki,
Gazali

Tasawa, 10 ga Fabrairu 1985

Yaya,

Ina gaishe ka, ina fatan kunnen ya yi sauƙi. Mu nan lafiya, sai ƙyanda da ta shiga unguwa, amma ba ta taɓa gidanmu ba.

Yaya, me ya kai ka? Na san ka ɗauka har yanzu Malam Mamudu ne direktan lakwal, shugaban makarantar Korgom, wanda ke bin mutum har gida ya karanta masa wasiƙarsa a hankali, ya tsallake abin da ya kamata a tsallake. An ɗauke shi tun bara. Sabon yaro ne daga yamma, Hausarsa ba ta nuna ba. Da Mumuni ya kawo takardar Baba yana ƙofar mai gari, ana rubuta sunayen masu karɓar jar dawar taimako da sojoji suka kawo, gari duk yana nan. Baba da murnarsa ya ce a karanta kowa ya ji, daga Kaduna ce. Direkta ya bi ta da ƙarfi, bai san nauyin abin da yake faɗa ba, har inda ka ce, "Ka ci karatuna a waccan yunwa, kada ka ci na Biba a wannan."

Kawu ne ya ba ni labari. Baba ya karɓi takardar, ya ninke, ya sa aljihu, ya ce wa direkta, "An gode, Mushe. Ka iya karatu." Ya tashi ya tafi, ko sunansa bai tsaya an rubuta ba. Da na ji na yi kuka, kuma na ji haushinka ƙwarai. Mutumin da ake kira Na Allah mai zango, wanda ake zuwa tun daga garin Urafan neman irin geronsa zango mai dogon kai, shi ka sa aka yi wa haka a gaban sa'o'in 'ya'yansa.

Bayan kwana goma sai ga Kawu da amalanke, buhu biyu cike, wai Baba ya ce a kawo gidan Malam. Na tambaye shi ina aka samo. Ya ce, "Ke dai ci ki yi karatu, mi ya kai ki tambaya?" Ina jin tumakin gidanmu biyu aka sayar. Ban san ko in yi murna ko in yi baƙin ciki ba, amma ba zan ɓoye maka ba, na yi murna. Kadijatu ma ta hana ni daka yanzu, ko turmi na nufa sai ta kore ni, wai in je in yi ta turancina.

Dabararka ta yi aiki. Dikten jiya sha ɗaya na samu, har Mushe ya tambaya ko aljani na yi. Waɗanda suka rage mini su ne "there" da "their", sai "weather" da "whether". Waɗannan ba su da kunne ba su da ido, ta ina zan kama su?

Ƙanwarka,
Biba

Kaduna, 2 ga Afrilu 1985

Biba,

Ina lafiya, ina fatan kuna lafiya. A gai da mutanen gida.

Ban so aka karanta a gaban jama'a ba, Allah ya sani. Amma ƙarya na faɗa? Ga shi hatsin da aka ce babu ya fito. Ashe akwai.

Sha ɗaya ba laifi. "There", can, tana ɗauke da "here", nan, duka biyun wuri ne. "Their", nasu, dole ki ga abin da suka mallaka yana biye da ita, gona ko jaki. "Weather" yanayin gari ne, ruwa ko iska ko rana na kusa da ita. "Whether" kuwa "ko" ce, ta mai shakka. Ga ƙari, don malamai na son su: "sew", ɗinki, aikin Malam Ɗan Azumi, da "sow", shuka, aikin Baba. Ki duba ko allura ce a kusa ko gona.

Masaƙa ta koma kwana uku a mako, ba auduga. Duk da haka na sayi buhu ɗaya, yana nan ƙarƙashin gadona. Mumuni ya ƙi ɗauka, ya ce hatsi kam ko tiya guda sojojin iyaka suka gani sai sun ƙwace. Ana kuma raɗe-raɗin za a sake korar baƙi. Kafin ruwa dai zan san yadda na yi.

Yayanki,
Gazali

Tasawa, 2 ga Yuni 1985

Yaya,

Ina gaishe ka a duk inda kake. Mun ji a rediyo an ba baƙi wa'adi su bar Najeriya, motoci suna ta zubo mutane a iyaka. Kullum Inna na aikowa a tambaye ni ko na ji ɗuriyarka. Mumuni ya ce ɗakinka a rufe ya tarar. Zan ba shi wannan ko Allah zai sa ku haɗu.

Ba tumaki aka sayar ba.

Ranar Lahadi zazzaɓi ya kwantar da Kadijatu, na shiga ɗakin ajiya in ɗebo hatsin daka. Buhu ɗaya ya ƙare, na biyun ya kusa ƙasa. Na tura hannu, na fito da shi fari fat da toka. Na kawo bakin ƙofa na duba. Ƙwaya manya, duk kai ɗaya, ga busasshen ganyen dogon yaro a ciki. Yaya, ni ce ke riƙe wa Baba kwando duk kaka in yana bin gona yana zaɓen kawunan da suka fi tsawo. Ni ce ke tankaɗe tokar da ake zuba musu don ƙwari. Irin shukarmu ne. Zangon da Baba ya gada wurin kakanmu, wanda ko a yunwar da ka ambata ba a taɓa shi ba. Shi nake ci tun watan Fabrairu, ina murna, ina rubuta "see" da "sea".

Na je na tsaya kan Kadijatu da tokar a hannuna. Ta juya fuska bango. Ta ce, "Tun ran da aka kawo shi na gane, ɗiyata. Bube ya sa na rantse. Kullum in na zuba shi turmi sai gabana ya hwaɗi." Shi ya sa ta hana ni daka.

Na auna abin da ya rage, tiya uku da ɗan kai. Ba zai shuka babbar gona ba, amma zai tsai da iri. Malam ya ce ko me za a ci a gidan, wannan kam a mayar. Jiya na ɗaure shi cikin zanena na ba Kawu.

Ka ce ashe akwai. E, akwai. Kalmomin da ka aiko na ƙarshe har yau ban iya buɗe su ba.

Biba

Tasawa, 24 ga Yuni 1985

Yaya,

Ba amsa, amma zan ci gaba da rubutawa. Muna lafiya.

Ruwa ya sauka ran sha biyu ga wata, ruwa na gaske, daga Mayahi har iyaka. Washegari garin nan ya watse, kowa ya nufi gona. Na zauna a aji ina jin ƙamshin ƙasa, ina cewa a raina yanzu Baba yana sara, Inna tana binsa tana zuba iri tana rufewa da ƙafa.

Ran sha biyar Kawu ya shigo gidan da ƙullin zanena a kansa, ko kwance shi ba a yi ba. Ya ajiye a gabana, ya ƙi kallona. Ya ce, "Babanki ya ce abinci ya aiko, ba ajiya ba. Ya ce abin da ya hita gidanai da sunanki ba shi komawa. Ya ce a dama maki hura da shi ranar jarrabawa."

Na ce zan tafi da ƙafa in kai masa da kaina. Kawu ya ce in na taka Korgom kafin jarrabawa, Baba ya rantse shi zai bar garin. Malam ya zauna ya yi ta ba ni haƙuri. Ƙasa tana bushewa, saura kwana uku a shiga ɗakin jarrabawa.

Ranar Talata Kadijatu ta wanke tokar, ta daka, ta dama. Ta miƙo mini ƙwarya. Na sha, Yaya. Na shanye tas, don ban ga abin da zubarwa za ta gyara ba.

Ingilishi bai ba ni wuya ba. Na jira na ji maƙwabtan kowace kalma kamar yadda ka ce. Ban taɓa yin abin da na iya da baƙin ciki irin na ranar ba.

Biba

Maradi, 30 ga Agusta 1985

Ƙanwata Biba,

Ina gaishe ki, ina gai da Inna. Ina raye. Jiya Mumuni ya gan ni a tashar mota ya miƙo mini takardunki biyu a haɗe. Na karanta su a bayan wata mota.

Tun watan Mayu nake nan. An loda mu a kamyo, motar ɗaukar kaya, kwana huɗu muna iyaka cikin rana. Buhun na ɗauko shi har can, a can aka sauke shi, ban sake ganinsa ba. Da na tsallako ba ni da komai sai rigar jikina. Daga nan zuwa gida tafiyar yini ce, amma da wace fuska? Na yi alkawarin buhu biyu a gaban gari duka. Sai na tsaya ina dako a tasha, ina cewa in na haɗa ko rabin buhu zan taho. Ruwa ya sauka ina ɗauke da kayan wani.

Na ɗauka Baba yana da abin da yake ɓoyewa ne. Shekara goma ina birni, har na manta abin da ke rage wa manomi in ya ce babu. Ni ɗan gidan ne, ya kamata in sani. Ina ta koya miki yadda ake jira a ji zance duka kafin a sa bik, ni kuwa ban jira ba.

Ga takarda a ciki zuwa ga Baba. Kada ki ba kowa. Ke za ki karanta masa, ku biyu, inda ba kowa. In ya ce kada in zo, ki gaya mini yadda ya faɗa, kada ki tsallake komai. Ki kuma gaya mini sakamako.

Yayanki,
Gazali

Korgom, 6 ga Oktoba 1985

Yaya Gazali,

Alhamdu lillahi da kana raye. Inna ta yi sadakar ƙosai ranar da takardarka ta zo. Tana lafiya, Baba ma lafiya, sai ramar da ya yi.

Na ci jarrabawa. Sha bakwai na samu a Ingilishi, ba wanda ya kai ni a Tasawa. An ba ni gurbi a lise, makarantar gaba da kwaleji, a Maradi, da ɗakin kwana da abinci, ba sai an kai hatsi ba.

Bana damina ta yi kyau, rabon da a ga irinta an daɗe. Duk inda ka duba ana ɗaurin dami. Gonarmu ce kawai abin tausayi. Baba ya ƙi roƙon kowa, shi da ake roƙo. Inna ce ta bi gidaje a ɓoye, nan tafi guda, can rabin ludayi, ta haɗa iri kala-kala. Aka shuka kusurwa ɗaya bayan kowa ya yi noman farko. Wani ya nuna, wani ko kai bai fitar ba. Zango kam babu. Na bi waɗanda Baba ya taɓa ba su, har Urafan na aika, duk sun cinye nasu tun rani. Yanzu Baba yana taya mutane yankan hatsi a gonakinsu, su ba shi abin da suka ba shi. In ya ɗaga kan hatsin wani sai in ga yana auna tsawonsa da hannu, sannan ya jefa a tari.

Na ce masa ba zan tafi Maradi ba, zan zauna in taya su. Ya dube ni ya ce, "To mi kika sha ran nan?" Ban sake tayar da maganar ba.

Jiya na bi shi gona da rana, ya zauna hutu gindin gawo, na ce ga takarda daga wurinka. Ya waiga ya ga ba kowa, ya ce in karanta. Na karanta duka, ban tsallake komai ba. Ya daɗe yana tona ƙasa da tsinke. Ka ce in gaya maka yadda ya faɗa, to ga shi.

Ya ce, "Rubuta mai, ba ƙarya ya yi ba. Waccan shekara ma buhu biyu gare ni na iri. Na tsaya bakin rumbu na duba, na ce ko iri ko karatun yaro. Na ɗauki jaki na tahi Tasawa. Shekara goma ina shuka hatsin nan, yana yin kyau, mutane na yabo, ban taɓa jin daɗin tuwonai ba. Wanga karo da na sa Bube ya ɗora buhunan, ran nan na yi barci."

Na jira ko zai ƙara. Ya tashi ya ɗauki wuƙar yankansa, ya yi taku kaɗan, sannan ya tsaya bai juyo ba. Ya ce, "Ki ce shi taho gida. Kar shi tsaya haɗa komi. Ba ni da abin da zan ba shi, shi ma kar shi kawo mani."

Ranar Litinin zan shigo motar Tasawa. Ka jira ni a tashar Maradi ka kai ni makaranta, daga nan ka wuce gida. Inna ta share ɗakinka.

Ƙanwarka,
Biba